Kara Ɗaya a Teburin Ishaƙu

Ishaƙu yana cikin jera kwalayen sigari a kan teburinsa Madam Damaris ta tsayar da babur ɗinta a gabansa, ko kashe shi ba ta yi ba. Ta gaishe shi a gurguje, ta ce darekta ya sa hannu a takardar. Daga ranar Litinin ba za a ƙara sayar da taba a bakin ƙofar makaranta ba. In zai zauna da alewarsa da biro da sabulu, babu mai taɓa shi. In kuwa sai da tabar, to ya nemi wata inuwar.

Ya ce ya ji. Bai ɗago ba, ya ci gaba da jera kwalayen, ja a kan ja, fari a kan fari, har ta shige ciki. Sannan ya ja tsaki.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana zaune a gindin wannan bishiyar dogon yaron, a ƙofar wata makarantar horon malamai mai zaman kanta da ke gefen Tasawa. Ya ga darektoci uku sun zo sun tafi. Ya ga samari sun shigo da silifa, sun fita ana ce musu mushe, wato malam, kuma babu wanda a cikinsu ya burge shi. Shi kansa bai taɓa sa taba a bakinsa ba, yana kuwa alfahari da hakan. In aka ce masa wanzami ba ya son jarfa, sai ya ce ai ba shi ya ce su kawo fuskarsu ba. A ganinsa duk mai shan taba rago ne, ɗan boko mai shan taba kuwa rago ne sau biyu, tun da ya iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin.

Madam Damaris ita ce malamar kiwon lafiya. Tun farkon shekara ta kafa wani taro da take yi duk ranar Laraba da yamma, a ajin da ke jikin katanga, inda Ishaƙu ke jiyo komai daga inda yake zaune. Ta tara masu shan taba, ta ce kowa ya tashi ya faɗi sunansa da ƙarfi, ya faɗi abu guda da ya iya. Wannan ya ce ya iya gyaran rediyo, a tafa masa. Wancan ya ce ya iya iyo, a tafa masa. Gardawa da gemunsu, ana tafa musu kamar 'yan yaye sun fara tatata. Ishaƙu ya sa musu suna 'yan tafi. Sunan shirin kuwa wai yarda da kai, shi kuma ya mai da shi yar da kai, har 'yan kabu-kabun da ke tsayawa kusa da shi suka ɗauka.

Abin da ya fi ba shi haushi shi ne matar ta yi gaskiya ta wani ɓangare. Tana gaya musu ba daɗin hayaƙin suke bi ba, tsoro suke ɓoyewa a bayansa. To wannan ai Ishaƙu ya san shi tun tana ɗaliba. Ya san ranar da kasuwarsa ke ci: ranar jarrabawa, ranar da mushe ya kira mutum gaban tablo, wato allo, ya tsinka shi a gaban 'yan mata. Inda suka rabu da ita, ita tana ganin abin yana da magani. Shi kuwa ya san tusa ba ta hura wuta.

Wajen ƙarfe tara ya hango Rayyanu yana tsallako titi.

Rayyanu dogo ne siriri, daga wata ruga kusa da Tchaké a ƙasar Mayahi, kuma shi kaɗai ne a gidansu ya taɓa wuce firamare. Shekara biyu yana cikin masu cinikin Ishaƙu na kullum: kara ɗaya kafin shiga aji, ɗaya bayan an fito, sai kuma na duk lokacin da aka yi dariyar faransancinsa. Ba ya kallon mutum a ido. Ko sigarin ma sai ya juya baya ga katanga yake kunnawa. Kwana goma sha biyu ke nan bai zo ba, yana bin can gefen titi kansa a sunkuye. Yau ga shi da farar riga mai karin guga, ya rungume wani gwangwanin tumatir da tsiron wake a ciki.

Ishaƙu ya ji daɗi har cikin ransa. Ya miƙa hannu ga kwalin da ya san yaron ke sha.

"Maraba da mushe. An gama tafin ke nan? Nawa za a ba ka?"

Rayyanu ya ce ba ita ta kawo shi ba. Ya yi ta kame-kame kafin maganar ta fito. Yau ƙarfe goma sha ɗaya zai koyar da darasi a lakwal, wato firamaren bayan kasuwa, a gaban yara sittin da sufeto. Bara ya yi wannan jarrabawar ya faɗi, don ya tsaya a gaban tablo harshensa ya ɗaure har lokaci ya ƙare. In ya sake faɗuwa babu ta uku, kuma kawunsa ya riga ya aiko masa cewa shanu suna jira. To Madam ta ba su aiki na ƙarshe: kafin mutum ya tsaya gaban sufeto, ya nemi wanda ya fi jin tsoron idonsa a duniya, ya yi darasin a gabansa. Ya kwana uku yana tunani. Ba darekta ba ne, ba mushen faransanci ba ne.

"Kai ne, Baba."

Ishaƙu ya tsaya da kwali a hannu. Bai san ko zagi ne ko kirari ba. Ya tambaye shi ko ya taɓa dukansa. Rayyanu ya ce a'a, sai dai duk ran da ya miƙo masa kara, akwai wani kallo da yake yi masa, kallon da ke cewa ai na san ka. Wannan kallon ya fi bulala.

"To ƙarya na yi?" in ji Ishaƙu.

Ya zare kara ɗaya, ya ajiye a bakin tebur, ya ɗora kwalin ashana kusa da shi. Ya ce wannan kyauta ce, tana nan tana jiran mai ita. Sannan ya gyara zama a kan bencinsa, ya harɗe ƙafa, ya kira 'yan kabu-kabu su matso, yau lakwal ta biyo su har gindin bishiya. Mutum huɗu suka matso suna murmushi. Mai shayin da ke gefe ma ya bar tukunyarsa.

Rayyanu ya ajiye gwangwanin, ya buɗe kayensa, wato littafin rubutunsa, ya ce "Bonjour les enfants" da wata murya wadda ko ƙudan da ke kan alewa ba ta kora ba. 'Yan kabu-kabu suka amsa da muryar yara, suka fashe da dariya. Ya fara karanto darasin tsirowar iri daga takarda, idonsa a kan takalminsa, takardar tana rawa a hannunsa.

Ishaƙu ya bar shi ya yi layi biyar, sannan ya ce ya tsaya.

"Ni ban san nasaranci ba, amma na san tsoro. Da wa kake magana, da takalminka? Shi zai ci jarrabawar?"

Aka sake dariya. Rayyanu ya fara daga farko. Ishaƙu ya sake tsai da shi, ya ce wannan ba koyarwa ba ce, ta'aziyya ce. A karo na uku ya ce in da shi ne ɗan aji, da tuni ya fita ta taga. Bai yi niyyar taimaka masa ba. So yake ya ga lokacin da hannun zai kai ga karan, don ya samu labarin da zai ba Madam ranar Litinin. Sai dai ɓarnar da yaron ke yi ta fi ƙarfin haƙurinsa, irin yadda mahauci ba ya iya kallon wani yana fiɗa da dakusasshiyar wuƙa. Kafin ya zo Tasawa, Ishaƙu ya yi shekara tara yana tallan gishiri da kanwa a kasuwar Urafane, inda in muryarka ba ta kai rumfa ta uku ba za ka koma gida da kayanka. Ya san yadda ake sa mutumin da bai yi niyya ba ya waiwayo.

Ya fizge kayen daga hannun Rayyanu, ya zauna a kai. Ya ce abin da mutum bai sani ba sai da takarda, bai san shi ba. Ya ce ya ɗauki gwangwanin ya riƙe da hannu biyu, hannun da ke da aiki ba ya rawa. Ya nuna masa mai shayi da ke can baya, ya ce shi ne daƙiƙin aji, da shi zai yi magana, in ya ji to kowa ya ji.

"Mai tsoro yana kallon jama'a duka lokaci guda, shi ya sa suke yi masa yawa. Ka zaɓi mutum ɗaya. Mutum ɗaya bai fi ka ba. Ko da yake kai ban sani ba."

Rayyanu ya ɗauki gwangwanin. Muryar ta ɗan fito. Ya yi nisa kaɗan, har ya kai inda iri ke shan ruwa ya kumbura, sai wata kalma ta ƙi zuwa. Ya tsaya baki buɗe. Wani ɗan kabu-kabu ya kwaikwayi kukan saniya. Gwangwanin ya suɓuce, ya faɗi a ƙasa, ƙasar da ke ciki ta watse, tsiron ya kwanta a gefe.

Rayyanu bai dubi gwangwanin ba, tebur ya duba. Ishaƙu ya ga idon nan da ya sani. Ya sa ɗan yatsa ya tura karan gaba kaɗan, ya ce masa ya ɗauka, babu kunya, kowa da abin da Allah ya yi shi da shi. Wani an yi shi don tablo, wani don sanda.

Rayyanu bai taɓa karan ba. Daga baya ya durƙusa, ya sa hannu ya ɗago tsiron a hankali, irin ɗaukar da ake yi wa ɗan akuyar da aka haifa yanzu. Saiwar ta fito fili, fara, da 'yan gasusuwanta, ga ɓawon waken yana maƙale a jikin ganye. Ya tsaya yana kallonta. Mai shayi ya tambaya, ba da wasa ba, wai shi wace ce ke fara fitowa, saiwa ko ganye, don ya sha yin musu da ƙanensa a kan haka.

Rayyanu ya ce saiwa. Ya faɗa da Hausa, yana duban mai shayin. Ya ce ko a daji haka ne, ruwan farko in ya sauka, kwana biyu ba ka ganin komai a sama, amma ka tona ka gani, ƙasa duk ta cika da farin zare. Ya matsa ya nuna masa inda iri ya tsage. Ya faɗi sunan kowane sashe da faransanci, ya sa shi ya maimaita. Mai shayi ya maimaita a karkace, aka yi dariya, wannan karon ba Rayyanu ake yi wa ba. Ya juya ga wanda ya yi kukan saniya, ya ce shi ma ya faɗa. Mutumin ya sosa ƙeya ya kasa.

Da Rayyanu ya gama yana jiran hukunci, sai Ishaƙu ya zaro kayen daga ƙarƙashinsa ya miƙa masa, ya ce ya ji waɗanda suka fi wannan muni, amma ba su da yawa. Ya ce kada ya mai da tsiron cikin gwangwani, ya tafi da shi haka tsirara, tun da sai da ya faɗi ya yi amfani. Ya ce ya kuma kakkaɓe gwiwar wandonsa, kada sufeto ya ɗauka daga gona aka kamo shi.

Rayyanu ya yi godiya ya hau bayan babur ɗin mai kukan saniya, suka nufi bayan kasuwa. Ishaƙu ya mai da karan cikin kwali.

Rana ta ɗaga. Ɗalibai suka fito hutun ƙarfe goma, ya sallami na sallama da kallon da ya saba. Sai dai ya kama kansa yana waiwayen hanyar kasuwa, abin ya ba shi haushi. Mene ne nasa a ciki? In yaron ya ci, ya rasa mai ciniki. In ya faɗi, ya koma ruga, nan ma ya rasa shi. Ya yi azahar a masallacin gefe, ya dawo, ya ci shinkafa da wake bai ji ɗanɗanonta ba. Ya yi wa wata yarinya tsawa don ta taɓa alewa ba ta saya ba.

Sai wajen ƙarfe uku suka dawo, Madam Damaris tana tura babur ɗinta, Rayyanu da wasu 'yan tafi uku suna biye. Tun daga nesa ya gane, don yaron yana tafiya a tsakiyar titi. Madam ta tsaya a gaban tebur fuskarta cike da fara'a. Ta ce Rayyanu ya ci. Sufeto ya ce faransancin da sauran gyara, amma ya daɗe bai ga ɗalibin da ya ajiye takarda ya riƙe aji da tsiro guda ba, har na bencin baya suna ɗaga hannu.

"Ka ga abin da nake faɗa, Malam Ishaƙu. In aka daina raina yaro, aka nuna masa yana da daraja, shi ke nan. Ƙarfafa gwiwa kawai suke bukata."

Ishaƙu ya dubi Rayyanu. Rayyanu ya dubi tayar babur. Ishaƙu ya ce lalle Madam ta iya aikinta, Allah ya ƙara basira. Ta ce amin, ta tuna masa da maganar Litinin, suka shige ciki. Jim kaɗan ya jiyo tafi daga ajin jikin katanga, aka daɗe ana yi.

La'asar ta yi sanyi, 'yan kabu-kabu sun watse, sai ga Rayyanu ya fito shi kaɗai da jakarsa a kafaɗa, zai je tasha ya kai labari gida. Ya tsaya a gaban tebur. Ya ce ya so ya gaya wa Madam yadda aka yi, bai samu fili ba. Ishaƙu ya ce bai tambaye shi ba. Yaron bai tafi ba. Gumi ya jiƙa wuyan farar rigar. Ya ce tun da ya fito daga ajin nan jikinsa ke ɓari, kamar an zare masa laka. Ya laluba aljihu, ya ajiye kuɗi a kan tebur.

"Ɗaya tak, Baba. Ta murna. Daga ita shi ke nan."

Ishaƙu ya dubi kuɗin, ya dubi yaron. Sau dubu ya ji wannan maganar a gindin bishiyar nan, kuma sau dubu ya miƙa yana dariya a ciki. Ga abin da ya yi ta jira tun safe ya zo har gida. Ya nemi daɗin da ya kamata ya ji, bai same shi ba. Abin da ya taso masa wani baƙin ciki ne, irin na wanda ya yini yana yaɓe katanga, ya waiwayo ya ga akuya tana sosa jiki da ita.

Ya sa bayan hannu ya ture kuɗin, suka faɗi ƙasa.

"Na ɓata safiyata, na bushe maƙogwarona a kanka, don ka zo ka tsaya mini nan kana ɓari kamar kazar da aka jiƙa? Ɗauki abinka. Ba ni sayar maka, yau ko gobe. In ragontar ta motsa, ga Gwaggo Nana can."

Gwaggo Nana wata tsohuwa ce mai ɗan tebur a tsallaken titi, kusa da mai faci, tana sayar da goro da ashana da sigari, ba ta kuma tambayar kowa komai. Rayyanu ya sunkuya ya tsince kuɗinsa. Ya ɗago ya dubi Ishaƙu a ido, karo na farko a shekara biyu, kallon bai kuwa yi kama da na godiya ba. Ya juya ya tsallaka titi.

Ishaƙu ya ɗauki tsumma ya shiga goge tebur inda babu datti. Ta wutsiyar ido yana ganin farar rigar a gaban teburin tsohuwar. Yaron ya daɗe a tsaye. Ya miƙa hannu, ta miƙo masa wani abu, ya sa a aljihu. Wata babbar mota mai buhunan wake ta gitta tsakaninsu, kafin ta wuce ya yi nisa a hanyar tasha, ba a ganin komai sai jakar da ke lilo a bayansa.

Ya yi niyyar ba zai tambaya ba. Ya tattara kayansa, ya ɗaure kwalaye, ya rufe akwati. Da ya zo wucewa da baro ta gaban tsohuwar, sai ya rage tafiya, ya gaishe ta, ya tambayi ƙafarta da ke ciwo, abin da bai taɓa yi ba. Ta dube shi a karkace, ta ce in maganar dogon yaron nan ce, ya tsaya mata a ka kamar mai zaɓen amarya, ya taɓa kwali ya ajiye har sau biyu, daga ƙarshe goro ɗaya ya saya.

Ishaƙu ya leƙa faifan goron nata. Duk sun yi yaushi, wasu har sun fara baƙi.

"Wannan ya saya?" in ji shi. "Mutum zai koyar da 'ya'yan jama'a, ko goro mai kyau bai sani ba."

Ya tura baronsa ya yi gaba.